Jon Lord, Mutumin da Ya Koya wa Ogan Ruri

An rubuto wannan lacca ne daga faifan da aka naɗa a zaure. An rage gaishe-gaishen farko da wuraren da sauti bai fita ba.

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina da ke jere a gaba, ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma. Na san da aka liƙa sanarwa cewa yau kan wani Bature makaɗi za a yi magana, akwai wanda ya ce to mu ina ruwanmu. Ban ga laifinsa ba. Amma tunda an riga an zo, kafin in ce komai ina so ku ji wani abu. Ɗan'uwa, sa mana na farkon.

(An sa kiɗa na kamar rabin minti.)

To, ya isa. Na ga wasu suna gyaɗa kai, alamar sun taɓa jin sa ko da ba su san sunansa ba. Wannan shi ne farkon waƙar "Smoke on the Water" ta ƙungiyar Deep Purple, wadda ta fito a 1972. Wane kayan kiɗa kuka ji? Jita, ko? Kowa haka yake cewa. Rabin amsa ke nan. Da farko jita ce ita kaɗai, gaskiya ne. Amma da aka maimaita, ba ku ji sautin ya yi kauri ba, kamar an ƙara wa kunu gari? Wancan kaurin ba jita ba ce. Ogan ne, wato irin abin da mu nan muke haɗawa gaba ɗaya mu kira fiyano. Mai kaɗa shi kuma shi ne Jon Lord. Mutum ne da miliyoyin jama'a suka saurara shekara da shekaru suna yaba wa wani. A kansa zan yi magana.

An haife shi ranar 9 ga Yuni, 1941, a Leicester ta Ingila, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Masu kallon ƙwallo sun san garin, can Ahmed Musa ya taɓa bugawa. Mahaifinsa yana busa saksafon don nishaɗi, shi ya sa aka zaunar da yaron gaban fiyano tun yana ɗan shekara biyar. Karatun da aka ba shi kuwa na gargajiyar Turai ne zalla, kuma a cikin manyan wannan fanni wanda ya fi kama zuciyarsa shi ne Bach, Bajamushen da ya rasu tun 1750.

A nan sai na ɗan tsaya, don in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai yi ma'ana ba. A Turai kiɗa gida biyu ne. Akwai na manya, wanda ake rubutawa a takarda. Mutum ɗaya zai zauna ya rubuta abin da kowane makaɗi zai yi, goge kaza ya shiga nan, kakaki ya fita can, sannan a raba wa mutum saba'in ko tamanin, kowa da shafinsa a gabansa, jagora ya tsaya da 'yar sanda yana nuna musu. Wannan taron makaɗan shi ake kira okestira. Ba mai ƙara ko ɗigo daga kansa. Sai kuma gida na biyu, na 'yan gari, inda ake koyo da kunne, a kaɗa a mashaya da gidan rawa, kowa ya zuba abin da ya zo masa. Za ku ce ai mu ma muna da makaɗan fada da makaɗan jama'a. Haka ne, sai dai namu duka da ka suke aiki, daga mai kotso har mai kalangu. Su can katangar da ta raba gidajen biyu takarda ce, kuma masu takardar suna kallon marasa ita a matsayin 'yan hayaniya.

Lord ɗan gidan farko ne ta wajen tarbiyya. Da ya fara tasawa sai faya-fayan Amurka suka shigo Ingila, ya ji Jerry Lee Lewis yana dukan fiyano kamar ya ci masa bashi, ya ji wani baƙar fata mai suna Jimmy Smith yana kaɗa jaz da ogan. Shi ke nan, zuciya ta rabu biyu, kuma ba ta sake haɗuwa ba sai da gemu ya yi fari.

Abin dariya, ba kiɗa ya fara nema a matsayin sana'a ba. Ya yi aikin akawu a ofishin lauya kamar shekara biyu, sannan ya tafi Landan koyon wasan kwaikwayo. Kiɗan dare a mashaya na neman kuɗin haya ne kawai. A hankali abin neman kuɗin haya ya cinye karatun. Ya shiga wata ƙungiya mai suna The Artwoods, suka yi shekaru suna yawo a mota gari-gari, faifai ɗaya, kasuwa ba ta karɓa ba, aka watse a 1967. Ba zan ɓata muku lokaci a nan ba. Ribar da ya ci a waɗannan shekarun ita ce hannunsa ya faɗa a kan ogan.

Yanzu bari mu zo kan na'urar kanta, don ni a ganina rabin tarihin mutumin nan tarihinta ne. Sunanta Hammond. Wani Ba'amurke, Laurens Hammond, wanda asalin sana'arsa ƙera agogon lantarki ce, shi ya fito da ita kasuwa a 1935. Manyan coci-coci na Turai suna da ogan na bututu, wanda iska ke bi ta cikin ɗaruruwan bututai, wani ya kai tsayin gini. Ƙaramar coci ba ta da kuɗin wannan. Sai Hammond ya ce ga mai araha. A cikin akwatin ya sa irin motar agogonsa, tana juya wasu ƙananan faya-fayan ƙarfe masu haƙora, guda 91 ne ke ba da sauti. Kowane faifai yana juyawa kusa da maganaɗisu, juyawar nan tana haifar da 'yar wutar lantarki mai kaɗawa, ita ce ke zama amo. A saman madannan akwai wasu 'yan sanduna tara-tara da ake ja ana turawa, da su makaɗi ke haɗa muryar da yake so, kamar mai haɗa yaji, wannan cokali biyu, wancan rabin cokali. Nauyin irin wanda Lord ya riƙe, samfurin C3, ya kai kusan kilo 200. Buhun masara biyu ke nan, kuma kullum sai an hau da shi dandamali an sauke.

Bambancinsa da fiyano na ainihi shi ne numfashi. Fiyano in ka danna, guduma ce ke bugun tsirkiya a ciki, sauti ya fito ya fara mutuwa nan take. Ogan kuwa muddin yatsanka na kai, sautin na nan, bai raguwa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a hawan salla, ya ga kumatunsa a kumbure yana busa ba ya yankewa, ya san abin da nake nufi.

Na ga wani yana murmushi da na ce coci. E, kayan ibada ne aka yi shi dominsa. Coci-cocin baƙaƙen fata na Amurka su suka rungume shi, daga nan ya fita zuwa jaz. Kuma kada ku ɗauka abin ya tsaya can. A Yamai akwai Mamman Sani, wanda ya naɗi kaset da ogan na lantarki tun 1978, rediyo da talabijin na Nijar suka yi ta sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, sai a 2013 wani kamfanin Amurka ya sake fitar da shi duniya ta ji. Nasa ba Hammond ba ne, kuma salonsa mai sanyi ne, amma dangi ɗaya ne. Na faɗi wannan ne don masu ganin fiyano ya shigo mana ne tare da finafinan Kano.

To, a al'ada ana haɗa Hammond da wata lasifika ta musamman mai suna Leslie, wadda a cikinta akwai ƙaho mai juyawa, sai sautin ya riƙa lilo, mai taushi, mai daɗin kunne. Da wannan Lord ya fara. Abin da ya raba shi da ita abokin aiki ne.

A farkon 1968 aka haɗa shi da wani matashi mai jita, Ritchie Blackmore, da mai ganga Ian Paice, da wasu biyu, aka kafa Deep Purple. Sunan ma daga wata tsohuwar waƙa ce da kakar Blackmore ke so. A shekarar farko suka yi sa'a, waƙarsu "Hush" ta kai ta 4 a jerin waƙoƙin Amurka, alhali a gida Ingila ba wanda ya kula su. A wannan zangon Lord ne jagora a fili. Shi ne babba a shekaru, shi ya iya karatun kiɗa, shi ke magana da 'yan jarida, kuma faya-fayansu uku na farko cike suke da ɗanɗanon gargajiyar Turai da yake cusawa.

Sai bakinsa ya ja masa. Ya taɓa faɗa wa manajansu cewa yana da burin wata rana ya rubuta kiɗan da zai haɗa ƙungiyar rok, wato kiɗan jita da ganga irin nasu, da okestira a dandamali ɗaya. Magana ce irin ta hira. Manaja bai yi wata-wata ba ya je ya kama Royal Albert Hall, babban zauren Landan mai cin mutum sama da dubu biyar, ya dawo ya ce ranar 24 ga Satumba, 1969. Baki shi ke yanka wuya. Saurayi ɗan shekara 28, bai taɓa rubuta wa cikakkiyar okestira abu mai tsawo haka ba, ga watanni 'yan kaɗan, ga yawon wasa kusan kullum. A dawo daga wasa tsakar dare, abokai su kwanta, shi ya baje takardu ya kama rubutu da hannu har asuba.

Allah ya haɗa shi da wani dattijo, Malcolm Arnold, mashahurin marubucin kiɗa wanda har kyautar Oscar ya ci kan kiɗan fim. Arnold ya duba shafukan farko ya ce akwai abu a nan, kuma ya yarda shi zai riƙe sanda. Ba don shi ba da abin ya rushe tun a gwaji. Lord da kansa ya sha ba da labarin yadda makaɗan Royal Philharmonic Orchestra suka karɓe su: ga mutane cikin shiga ta mutunci, ga wasu samari biyar masu gashi har kafaɗa sun shigo da lasifikoki. Aka yi gwajin farko a yatsine, ana kaɗawa kamar an tilasta. Har wata mai goge ta miƙe ta ce ita ba ta shiga wannan aiki don ta raka 'yan rawa ba. Arnold ya ajiye sanda ya wanke su tas, da kalmomin da ba zan maimaita gaban malamaina ba. Daga nan aka fara aiki.

Sunan abin "Concerto for Group and Orchestra", mu ce masa kwancato a taƙaice, kuma kashi uku ne. Ku lura da tsarin, don tarihin mai shi ne a ciki. A kashi na farko ɓangarorin biyu abokan gaba ne: okestira ta shimfiɗa zance a natse, sai ƙungiya ta faɗo ta ƙwace shi, ana ja-in-ja. A na biyu an sassauta, an fara sauraren juna, har da 'yar waƙa, wadda sabon mawaƙinsu Ian Gillan bai rubuta baitocinta ba sai dab da ranar. A na uku an cakuɗe, ana gudu tare, ba ka iya cewa ga inda wannan ya tsaya wancan ya fara. A daren, Blackmore, wanda tun farko abin bai kwanta masa ba, da aka zo gurbin da zai yi kiɗa shi kaɗai sai ya ƙi tsayawa, ya yi ta ja, Arnold na tsaye da sanda a sama yana jiran ya ga dama.

In kun tambaye ni, kwancaton nan ba gwanin kyau ba ne daga farko har ƙarshe. Akwai wuraren da ɗinkin ya fito fili, akwai inda lasifika ta danne goge arba'in har ba ka jin su. Masu sharhin gidan manya suka ce wasan yara ne, na gidan rok suka ce girman kai ne. Amma jama'ar da ke zauren sun tashi tsaye, kuma shi ne faifan Deep Purple na farko da ya shiga jerin masu kasuwa a Ingila.

Nasarar ita ta kawo rigima. Aka fara gayyatarsu wasa ana tambaya ina okestirar. Blackmore da Gillan suka ji haushi, su ƙungiyar rok suka shiga, ga shi ana yi musu kallon 'yan rakiyar Jon Lord. Blackmore ya ce an gwada naka, yanzu a gwada nawa, kiɗa mai nauyi, mai ƙara, ba goge ba sarewa. In bai karɓu ba, a koma naka.

Wannan ita ce mararrabar rayuwar mutumin nan. Yana da damar ya ce ni na kafa, ni ne babba. Zai iya ficewa ya kama gabansa, sunansa ya riga ya fito. Sai ya ce to. Kuma bai ce to da baki ba yana ƙunƙuni a ciki, zama ya yi yana tunanin yadda ogan zai rayu kusa da jitar Blackmore, wadda ke fita ta amfilifaya Marshall, na'urar ƙara ƙarfin sauti, kamar tsawa. Leslie mai lilo ba za ta iya ba, ana fara wasa take nutsewa. Sai ya cire ta, ya ja waya daga cikin ogan kai-tsaye zuwa irin amfilifayar masu jita, ya murɗe ta har ƙarshe. In ka tura wa amfilifaya abin da ya fi ƙarfinta, sautin yakan tsage, ya yi gurnani. Injiniya zai ce maka wannan lalacewa ce. Lord ya mai da lalacewar murya. Shi da kansa dabba yake kiran na'urar. Wani lokaci ma yakan kama akwatin mai kilo 200 ya girgiza shi gaba da baya har ƙarafan ciki su yi ƙara kamar aradu.

Faifan da ya biyo baya, "Deep Purple in Rock" na 1970, shi ya tabbatar da maganar Blackmore. Ba a koma na Lord ba. Daga nan suka shiga sahun Led Zeppelin da Black Sabbath, ukun da ake cewa su suka aza harsashin rok mai nauyi, kuma a cikin ukun su kaɗai ne ogan ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da jita a kowace waƙa.

Waƙar da muka fara da ita tana da labari, a gurguje. Disamba 1971 suka je Montreux ta Suwizalan don naɗar faifai a wani gidan caca. Ana gobe za su fara, mawaƙi Frank Zappa na wasan kiɗa a ciki, wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi sama, rufi ya kama, gini ya ƙone ƙurmus. Suna zaune suna kallon hayaƙi ya kwanta a kan tafkin Geneva. A ƙarshe a barandar wani otal da aka rufe saboda sanyi suka naɗi faifan "Machine Head", da katifu jingine a bango. Ɗan'uwa, sa mana na biyun, daga wannan faifan ne. Kai shi wajen minti biyu.

(An sa kiɗa.)

Kun ji yadda yatsun ke hawa suna sauka kamar mai taka matakala, a jere, ba tuntuɓe? Wannan ba bulus ba ne, wato salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ba daga can ya zo ba. Tsarin Bach ne, darasin yaro ɗan Leicester, an sa masa rigar ƙarfe. Ashe mutumin da aka ce ya ajiye kiɗan manya bai ajiye ba, ta taga ya shigo da shi. Ni wannan ya fi burge ni a kan kwancaton kansa, don a nan ba ka ganin ɗinki.

Wanda ke son jin su a ganiyarsu ya nemi "Made in Japan", wanda aka naɗa a Osaka da Tokyo cikin Agusta 1972. A nan za ka ji jita ta yi jifa ogan ya mayar, ta ƙara ya ƙara, kamar 'yan dambe biyu da suka san hannun juna. Waƙar minti biyar takan kai minti ashirin. Ƙarar kuwa ba a magana, littafin Guinness ya taɓa rubuta su a matsayin ƙungiyar da ta fi kowa ƙara a duniya, bayan wani wasa a Landan da aka auna desibel 117 a ma'aunin ƙara. Wannan dai ban ga abin alfahari a ciki ba, kunne ba ya tsirowa sau biyu.

Sauran shekarun 1970 rigima ce da sauye-sauye. Gillan da wani ɗan ƙungiyar, Roger Glover, suka fita a 1973, Blackmore ya fita a 1975, ƙungiya ta watse a 1976, kuma kafin shekarar ta ƙare wanda ya gaji Blackmore, Tommy Bolin, ƙwaya ta kashe shi yana ɗan shekara 25. A duk wannan hargitsi Lord ne mai shiga tsakani, har abokan aikinsa suka san shi da dattako. A gefe yana ɗan rubuta nasa, mafi kyau a ciki shi ne "Sarabande" na 1976, wanda ya naɗa a Jamus da okestira. Daga 1978 zuwa 1984 yana ƙungiyar Whitesnake, inda akwai masu jita biyu, shi kuma aikinsa ya cike gurbi a baya. Albashi mai kyau, amma a ganina shekaru shida ne na zaki a keji. A 1984 Deep Purple ta sake haɗuwa, aka ci gaba da zagaya duniya, Blackmore ya sake fita a 1993.

Na tsallake wani abu da gangan. Bayan daren Landan, an sake yin kwancaton sau ɗaya a Hollywood Bowl ta Los Angeles, cikin Agusta 1970. Daga nan takardun suka ɓace. Duka. Babu kwafi, zamanin ba kwamfuta, da hannu aka rubuta. Ku tuna abin da na ce, kiɗan manya a takarda yake rayuwa. Waƙar Shata in kaset ya lalace akwai wanda ya haddace. Amma ba mai haddace abin da mutum tamanin za su kaɗa lokaci guda na kusan awa ɗaya. In takarda ta tafi, ba okestirar da za ta iya sake kaɗa shi. Kusan shekara talatin Lord na ɗauke da wannan rashin.

Sai ga wani matashi ɗan Holan, Marco de Goeij, shi ma mai karatun rubuta kiɗa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Ya ɗauki faifan 1969 ya zauna yana saurare yana rubutawa, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ku yi tunanin wahalar. A ce an naɗi hayaniyar kasuwar Kurmi, a ce ka fitar da abin da kowane mutum ya faɗa, a jere, ba kuskure. Inda ƙarar jita ta binne goge, sai ya koma hoton bidiyon daren, ya tsayar, ya kalli inda yatsun masu goge suke a kan tsirkiya, ya gane abin da suke kaɗawa. A 1998, da ƙungiyar ta je wasa Holan, ya tari Lord ya miƙa masa abin da ya tara. Lord ya zauna da wani jagoran okestira mai suna Paul Mann suka cike guraben da suka rage, suka gyara.

Ni wannan wurin ne ke tsaya mini a rai. Mutanen takarda sun raina mutanen kunne, ga shi takarda ta ɓace, kunne ne ya dawo da ita. Almajirin da ya taɓa wanke allonsa ya sake rubutawa da ka ba zai yi mamaki ba.

Ranakun 25 da 26 ga Satumba, 1999, shekara talatin cif, aka koma Royal Albert Hall, wannan karon da London Symphony Orchestra, Paul Mann na riƙe da sanda. Babu mai yatsina. Da yawa daga cikin masu gogen sun tashi ne suna jin rok a gidajensu. Bayan haka aka zagaya da shi Kudancin Amurka da Turai da Japan.

Ina jin wannan ne ya tuna masa da abin da ya jingine tun 1970. A 2002 ya bar ƙungiyar da ya kafa. Ba faɗa, ba zagi a jarida, wani makaɗin ogan, Don Airey, ya hau kujerarsa. Dalilinsa shi ne yawon wasa ba ya barin mutum ya zauna ya yi rubutu, shi kuma lokaci na tafiya. Ku duba, mutum ya bar filin da dubun dubata ke kiran sunansa, ya koma ɗaki da fensir.

Shekaru goman da suka rage masa su ne mafi yawan rubutu a rayuwarsa. Jami'ar Durham ta ba shi aikin kiɗan cikarta shekara 175, aka kaɗa "Durham Concerto" a babbar cocin garin a 2007, tare da mai busa sarewar gargajiya ta arewacin Ingila, shi kuma yana gefe da Hammond ɗinsa, ogan ya koma inda aka ƙera shi domin ya zauna. A 2010 ya fitar da wani don tunawa da abokinsa marubuci John Mortimer. A 2011 Jami'ar Leicester, garinsu, ta ba shi digirin girmamawa na dakta a fannin kiɗa. In kun saurari ayyukan wannan zango za ku ji natsuwa, babu gurnani, babu gasa da kowa. Wasu masoyansa na da sun ce ya yi sanyi. Ni ban ji sanyi ba, na ji mutum ne da ya daina ɗaga murya don ba mai katse shi.

Buri ɗaya ya rage. Duk naɗin kwancaton da ake da su na dandamali ne, da tari da tafi da kurakurai. Yana so a naɗe shi a situdiyo yadda ya ji shi a kansa tun yana ɗan 28. A 2011 aka fara, da Royal Liverpool Philharmonic Orchestra, Paul Mann ne dai jagora, aka gayyato masu jita uku, kowane kashi da nasa. Cikin wannan shekarar likitoci suka gano yana da ciwon daji a wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ke samar da sinadarin insulin. Ya sanar da jama'a cikin Agusta, ya dakatar da wasa, amma bai dakatar da wannan aikin ba. Tsakanin zuwa asibiti da dawowa aka ci gaba da haɗa sauti, har aka kammala, ya saurara, ya ce ya yi.

Ya rasu a Landan ranar 16 ga Yuli, 2012, yana da shekara 71, bayan gudan jini ya toshe masa jijiyar huhu. Faifan ya fito cikin Oktoba. A 2016 aka shigar da Deep Purple zauren girmamawa na makaɗan rok a Amurka, da sunansa a ciki, matarsa Vickie ce ta karɓa.

Shugaba yana nuna mini agogo, kuma na ji an fara kiran salla. Ɗan'uwa, sa mana kashi na biyu na naɗin 2012, minti uku kawai, daga inda goge ke shiga. In an idar, mai tambaya ya same ni a nan.